Rigar Alfi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na durƙusa a gaban wani Bature marar riga ba, a tsakiyar filin ƙwallo a Dubai, ina ba shi haƙuri da Hausa, ina haɗawa da Ayatul Kursiyyu. Ko yanzu da nake ba ku labarin sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. (Matata ta ce in daina faɗa wa mutane, wai ina zubar mata da daraja. Ni kuwa na ga gara ku ji daga bakina kafin Alhaji Sabi'u ya ƙara masa gishiri.)

A farkon zuwana ne, lokacin sanyin shekarar 2018. Na samu aiki a wani kamfani mai haɗa na'urorin sanyaya manyan gine-gine, amma aikin gwaji ne. Sai shugaban sashenmu ya sa hannu cewa ya gamsu da ni za a tabbatar da ni, a ba ni bizar da zan iya ɗauko iyalina. Matata Hauwa tana Kano da cikin fari, kullum muka yi waya tambayarta ɗaya ce: "To, yaushe?" Saboda haka ba abin da nake nema a duniya kamar in burge ogana. Idan ya yi tari, ni ne mai kawo ruwa. Idan ya yi raha, ni ne mai fara dariya, ko ban gane ba.

Sunan ogan Greg, mutumin Ostiraliya ne, dogo, mai fara'a, kuma mahaukacin son wata irin ƙwallo da ake yi a ƙasarsu. Su da 'yan uwansa mazauna Dubai suna da ƙungiya, suna haɗuwa ranar Juma'a da sassafe a wani fili can bayan gari. Na taɓa bin sa sau ɗaya don neman gindin zama. Filin zagaye yake kamar faifai, ƙwallon kuma kamar gwanda, a kowane gefe an kafa dogayen sanduna huɗu. Ƙarti ne ke gudu suna dukan ƙwallon da dunƙulen hannu, suna buga ta a ƙasa, wani ya taka bayan wani ya cafe ta a sama. Idan ta faɗi ba ta da alƙibla, sai ka ji tim, ta yi shiru, sannan tim-tim ta yi wani wajen. Na ce a raina wannan ai dambe ne aka sa masa ƙwallo don kada hukuma ta hana. A baki kuwa cewa na yi ban taɓa ganin wasa mai daɗinsa ba.

Wannan ƙaryar ce ta jawo mini komai. Tun daga ranar Greg ya ɗauke ni abokin hira, kuma hirar ba ta wuce mutum ɗaya, wato Alfi, kakan babansa.

Hotonsa na rataye a bangon ofis, tsohon hoto mai launin ƙasa. Wani ɗan tsurut ne da gashin baki murɗaɗɗe, da 'yar hula mai baki, da wando iya gwiwa, ya rungume ƙwallo a hammata. Rigar da ke jikinsa mai ratsi-ratsi ce, ta yi masa yawa ƙwarai, hannuwan a naɗe, kafaɗun sun zubo kamar an sa wa yaro rigar babansa. Idanunsa ne ba na so. Duk inda ka tsaya a ofishin nan, kai yake kallo.

Greg ya ce tun kafin yaƙin duniya na farko Alfi ya yi wasa a wata ƙungiya a gefen birnin Melbon. Leburan gidan bulo ne. Ranar Asabar zai tashi daga aiki, ya tako da ƙafa zuwa fili, ya yi wasa, ya koma gida. Shi ne mafi ƙanƙanta a ƙungiyar, aikinsa ya riƙa kutsawa ta ƙarƙashin dogaye yana tsince ƙwallon da ta kuɓuce musu. Ƙungiyar ba ta da riga daidai shi, sai suka ba shi ta wani ƙato da ya bar wasa, haka ya yi ta fama da ita, abokan hamayya na cafko shi ta wuyanta. Matarsa ta sha roƙonsa ya bari ta rage masa, ya ce kayan ƙungiya ne, ba a taɓawa. Bai daɗe yana wasa ba. A wasansa na ƙarshe, ana ruwan sama, wani ya danne shi a cikin taɓo, ƙashin kafaɗarsa ya karye, bakinsa ya fashe. Ya tashi a haka, ya buga ƙwallon ta wuce tsakanin sanduna, sannan ya faɗi. Daga nan bai sake wasa ba, ƙungiyar ta bar masa rigar. Bayan 'yan shekaru wata mura mai kisa ta ɗauke shi yana matashi.

Na ji labarin nan har na haddace shi. Ni dai nawa "Allah sarki" ne da girgiza kai.

Wata ranar Lahadi Greg ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ɗauko wani kwali, ya buɗe a hankali kamar mai buɗe ƙwai. Rigar ce. Ta ulu ce mai kauri, da igiya a ƙirji maimakon maɓalli, launinta ya dusashe. Duk gefe ɗaya busasshen taɓo ne, a wuya kuma ga wani tabo baƙi-baƙi.

"Wannan taɓon na wasan ƙarshe ne," in ji shi. "Wannan kuma jininsa ne. Tun ranar haka take."

Ni wallahi na ɗauka haƙuri yake ba ni saboda dattin. Har na ce masa, "Ba komai, Oga," ina tunanin Turawa da ƙazanta, riga ta shekara ɗari ba wanda ya tausaya mata da sabulu.

Ya ce babansa ne ya aiko da ita. Ranar Juma'a ƙungiyarsu za ta yi wasan tunawa da 'yan wasan dā, tsohon zai zo daga Ostiraliya, ba shi da lafiya, wataƙila tafiyarsa ta ƙarshe ke nan, yana so ya ga an sa rigar a fili sau ɗaya. Sai dai ɗinkin hammata ya warware. Ko na san tela mai hankali?

Tela? Na ce ai duk telolin unguwar Satwa abokaina ne. (Ɗaya na sani, shi ma wando ya taɓa rage mini.)

Na kai masa da yamma. Wani dattijo ne ɗan Pakistan, ya ɗinke wajen da hannu nan take, amma na lura da yatsa biyu yake riƙe rigar, kuma da ya gama bai ko naɗe ta ba, ya turo mini ya ce da Larabci, "Yalla, khalas," wato in tafi, an gama. Na kira Greg, ya ce ya tafi Abu Dhabi wani aiki, in ajiye ta wajena, in kawo fili ranar Juma'a da sassafe. Haka na shigo da rigar mamaci gidanmu.

Gidan namu a unguwar Murakkabat yake, hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo, mu Hausawa ne muka haɗa haya. Abokin ɗakina a lokacin Alhaji Sabi'u ne, ɗan kasuwar Kwari, ya zo haɗa kaya a kwantena. Mutum ne mai kirki, mai ciki, mai carbi, kuma bai taɓa jin labarin aljani ya ƙaryata ba. Ban gaya masa komai ba. Na ɗora kwalin a saman durowa.

Washegari na dawo daga aiki wajen la'asar, na buɗe ƙofar ɗaki, sai ƙamshin ƙasa ya buge ni. Irin ƙamshin nan na ruwan farko, idan ya sauka a busasshiyar ƙasa. A Dubai fa, a hawa na huɗu, tagogi a rufe, rabon garin da ruwa an manta. Na tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu. Na ce wa kaina wataƙila na'urar sanyi ce ke yoyo. Ni da aikina ke nan, na hau kujera na duba ta ciki da waje, ƙalau take.

Rana ta biyu ƙamshin ya ƙaru. Ina zaune a bakin gado ina cire safa, gari da haske, sai na ji tim a baranda. Shiru. Sannan tim-tim, can gefe. Na san sautin nan, ba ƙwallon da ke tsalle haka sai tasu. Na leƙa, ba kowa, sai takalman mutane a jere da kwalayen Alhaji. Da na dawo ɗaki na tarar murfin kwalin a ɗage, hannun rigar ɗaya ya zubo ta gefen durowa yana lilo. Iskar na'ura ce, na sani. Amma ku je ku gaya wa zuciyata.

Alhaji ya shigo ya same ni ina kallon sama.

"Injiniya, lafiya? Wai ƙamshin me nake ji a ɗakin nan tun jiya kamar maƙabarta?"

Kalmar nan ta gama da ni. Na zauna na zayyana masa komai, da Alfi, da taɓon, da jinin. Yana ji yana jan carbi, idanunsa na ƙara girma.

"Yanzu kai, da iliminka, ka kwanar da mu da rigar mamaci mai jini? Wanda ba a ma san yadda ya cika ba?"

"Alhaji, mura ce ta kashe shi."

"Haka suka ce maka. To bari ka ji, jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa, na yi mafarkin wani gajere yana ta gudu a cikin ruwa, yana neman wani abu. Ina tashi na ji wuyana ya riƙe."

(Daga baya na tuna Alhaji kan kwali yake ɗora kai idan zai yi barcin rana. A lokacin ban tuna ba.)

Ya ce a garinsu kayan mamaci wankewa ake yi a rabar, ba a ajiye su da dattin mai su, don abin da ke bin jini yana nan yana bin sa. Ya ce maganin abin sauƙi ne da shi: garin magarya, gishiri, ruwan zafi, a yi tofi a ciki. Kuma, in ji shi, ta wani gefen ma alheri ne. "Ka mayar wa ogan naka riga fes, tana ƙamshi. Ya ga tarbiyya. Wane ne zai ba ka aron abu ka mayar masa da datti?"

Wannan maganar ta shige ni. Na hango Greg yana buɗe kwali, yana ganin rigar kakansa tana walƙiya, yana ɗauko biro. Na hango Hauwa tana saukowa daga jirgi. Tsoro ta nan, kwaɗayi ta can, ni kuma a tsakiya ba hankali.

Ranar Alhamis da yamma Alhaji ya sayo garin magarya a wajen masu turare. Muka ɗora babbar tukunyar da muke dafa shinkafa idan an yi baƙi. Ruwa ya tafasa, ya yi tofi, ni ma na yi, muka jefa rigar. Nan da nan ruwan ya koma ja-ja-baƙi, tururi ya cika kicin da ƙamshin ƙasar nan har yana shaƙe mutum. Rigar ta kumbura ta taso, hannuwanta suka buɗe a saman ruwan, Alhaji ya danna ta da muciya yana karatu da ƙarfi. Muka juye a baho, na zuba omo, na tsuguna na cuɗe ta cuɗa ta gaske, irin wadda na koya a makarantar kwana. Da na zubar da ruwan, magudanar ta yi wani dogon gurnani kafin ta haɗiye. Muka kalli juna.

"Ya tafi," in ji Alhaji a hankali.

Don ta bushe da wuri muka kai ta shagon wanki na ƙasan bene, aka jefa a injin busarwa mai zafi. Da aka fito da ita, na ɗaga. Rigar da ta kai mini gwiwa ta dawo iya cibiya. Ta yi tauri, ta cure kamar dardumar salla. Ba taɓo, ba jini, ratsin ya fito tas, amma ko hannuna da ƙyar yake shiga hannunta. Ni ban taɓa sanin haka ulu yake yi da ruwan zafi ba. A ina zan sani? Mu da rigar sanyinmu ta gwanjo ce.

Muka ja ta, ni ta wuya, Alhaji ta gindi. Muka sa mata kujera a ciki. Ko gezau.

"Injiniya," in ji Alhaji yana haki, "ka ga alama ke nan abin da ke cikinta ya fita. Shi ya cika ta."

Ban taɓa jin sha'awar marin dattijo ba sai ranar.

Hauwa ta kira, na ce mata kaina ke ciwo. Greg ya turo saƙo cewa babansa ya iso, bai yi maganar komai ba sai rigar. Na karanta na kife wayar.

Juma'a bayan sallar asuba na ɗauki kwalin na tari tasi. Alhaji ya ce zai raka ni saboda amana, amma na san gulma ce ta kawo shi. Ranar an tashi da hazon nan na Dubai mai tasowa daga teku, fari fat, mai jiƙa fuska. Dogayen gine-gine duk an yanke musu kai. Direba na tafiya kamar mai tura kura, fitilun motoci na bayyana suna ɓacewa. Da ya sauke mu a bakin filin, ko ƙofar ba ma gani sosai. Mun riga kowa zuwa, ko dai haka muka zata.

Alhaji ya ce shi zai tsaya a bakin ƙofa ya yi mini addu'a daga nan. Na shiga ni kaɗai.

Ciyawa a jiƙe, ba motsin komai. Sandunan nan huɗu sun tsaya a cikin farin hazo, ba a ganin ƙarshensu. Ina tafe ina haɗa ƙaryar da zan yi wa Greg, ko in ce tela ne, ko in ce zafin Dubai ne, sai ƙamshin ƙasar nan ya sake buge ni, irin na ɗakinmu sak. Na tsaya cak.

Tim.

Shiru.

Tim-tim.

Ƙwallon ta fito daga cikin hazo tana tangaɗi, ta zo ta kwanta a gaban takalmina. Na ɗaga kai, sai ga inuwar mutum tana tahowa a hankali. Da farko hula na gani, 'yar ƙarama mai baki. Sai gashin baki murɗaɗɗe. Sai wando iya gwiwa da dogayen safa. Fatarsa fara sol kamar wanda bai taɓa ganin rana ba, kuma daga wuya zuwa ƙugu ba komai a jikinsa. Idanun nan na bangon ofis, su ne, ba tantama.

Ya tsaya nesa kaɗan, ya kalli kwalin, ya miƙo hannu. Ya yi magana da Turancinsu na hanci, muryar a shaƙe:

"Kai ne ka zo mini da rigata? Na daɗe ina jira. Sanyi nake ji."

Jama'a, ina da digiri biyu. Na karanta kimiyyar zafi da sanyi. Amma ban san lokacin da gwiwoyina suka sami ƙasa ba. Turancina ya gudu ya bar ni. Na fizgo rigar daga kwali, na ɗaga ta sama da hannu biyu, na fara Ayatul Kursiyyu da iyakar muryata, na kai tsakiya ta ɓace mini, na koma Hausa.

"Don girman Allah ka yi haƙuri, Malam Alfi! Ba da gangan ba ne! Alhaji Sabi'u ne ya ce a dafa ta! Matata ciki gare ta!"

Na yi masa tofi har sau ban san adadi ba. Ya ja da baya, ni kuma na ga kamar addu'a ce ke ci, na ƙara ƙarfi, ina matsawa a kan gwiwa. Daga bakin ƙofa na ji Alhaji ya kwaɗa kiran salla, sannan na ji takun gudunsa yana yin nisa.

Iska ta ɗan kaɗa, hazon ya yaye kamar an ja labule. Ashe gefen filin cike yake. Ƙarti cikin gajerun wanduna, matansu da kofunan shayi, wasu ma'aikatan ofishinmu da Greg ya gayyato, duk sun yi tsit suna kallona. Can ga bututun ban ruwa yana fesa wa ciyawa ruwa, ƙasa na ƙamshi. Ga Greg da baki buɗe. Kusa da shi wani tsoho a keken guragu, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo.

"Tom," in ji Greg, "me ka yi masa?"

Ƙanin Greg ne. Tare suka zo da tsohon. Shi aka zaɓa ya sa rigar don duk gidan shi ya ɗebo kamannin Alfi, har ya yi wata da watanni yana tara gashin baki saboda ranar. Ya cire rigarsa ne yana jiran tawa.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Amma ba kallon mutane ne ya fi ci mini rai ba. Fuskar Greg ce, lokacin da idonsa ya sauka kan abin da ke hannuna. Dariyar da ta fara taso masa ta mutu. Ya zo ya karɓa, ya juya ta, ya shafa wajen da taɓon yake a dā.

"Ka wanke ta," ya ce. Bai ɗaga murya ba, kuma na fi so da ya ɗaga.

Na miƙe, wandona ya jiƙe da raɓa har cinya (raɓa ce, ko me Alhaji zai gaya muku). Turanci ya dawo mini a gutsure. Ƙaryar tela da ta zafin Dubai duk suka tsere, na faɗi gaskiya kaf, da tukunyar shinkafa, da magarya, da muciya. Ina magana ina ganin biza tana tashi sama, ina jin muryar Hauwa tana cewa "To, yaushe?"

Tsohon ya ɗaga hannu, aka kai masa rigar. Ya shimfiɗa ta a cinyarsa. Ya kai ta hanci ya shaƙa, ya daɗe a haka.

"Filin da ya yi wasan nan babu shi yanzu," ya ce a hankali. "An yi wajen ajiye motoci a kai. Ƙasar da ta rage ita ce ta jikin rigar nan. Ina yaro, kakata takan buɗe kwalin ta ce in shinshina."

Ni dai na ji hawaye na zubo mini, na kunya da na baƙin ciki a haɗe, don sai a lokacin na gane abin da na tura cikin magudanar Murakkabat.

Sai ya ɗaga rigar ta kafaɗu, ya miƙa hannu yana ƙare mata kallo, ya karkata kai. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta haɗu da kukan.

"Greg, dubi nan. Dubi faɗinta." Ya share ido da bayan hannu. "Kakata har ta mutu tana mita bai bari ta rage masa ita ba. Ta ce da ta yi masa daidai, da ba su cafko shi ranar ba." Ya juyo ya kalle ni. "Yaro, ka ɓata mini ƙasata, ba zan ce ban ji zafi ba. Amma yau ce rana ta farko da rigar nan ta yi daidai da mai ita."

Tom bai iya sa ta ba, ko kansa bai shiga ba. A cinyar tsohon ta yi kallon wasan, ya ɗora hannu a kanta har aka tashi. Ni kuma aka ba ni kujera da shayi, kowa ya wuce sai ya dafa kafaɗata ya juya baya yana tari.

Greg bai yi mini magana ba kusan mako guda. Ranar da ya kira ni ofis, na shiga na tarar an sa rigar a gilashi, an rataye ta kusa da hoton. Ya sa hannu a takardata ba tare da ya kalle ni ba, ya ce, "Babana ne ya ce in riƙe ka. Wai mutumin da zai faɗi gaskiya a gaban fatalwa zai faɗa a gaban kowa." Ya turo mini takardar. "Amma ko kofin shayina kada ka ƙara wankewa."

Tsohon ya rasu kafin zafi ya shigo. Hauwa ta iso da jaririyarmu a hannu. Har na bar kamfanin, 'yan Ostiraliyan nan ba su daina tsuguna mini suna ɗaga hannu sama idan mun haɗu a lif ba. Alhaji Sabi'u kuwa har gobe yana ba da labarin a Kwari, kuma a nasa labarin shi ne ya tsaya, ni na gudu.

Ƙamshin fili na gane bututun ruwa ne. Na ɗakinmu ma na ce tsohon taɓo ne ya sha danshi. Amma tim-tim ɗin baranda har yau ban samo masa bayani ba, kuma tun ranar da muka dafa rigar ban sake jin sa ba. Abin da na koya dai shi ne, idan mutum ya ba ni ajiya, ya nuna mini datti a jikinta yana magana a hankali, to ba haƙuri yake ba ni ba, dukiyar yake nuna mini. Yanzu ko Hauwa ce ta ce in taya ta wanki, sai na tambayi tarihin kowace riga kafin in jiƙa ta. Ita tana ganin lalaci ne.